Yadda Na Sayar da Gurbin Ɗan Wana a Jami'a

Ku 'yan makaranta da za ku karanta wannan, ba zan gaya muku sunana ba, don ba sunan da za a yi alfahari da shi ba ne. Ku dai sani ni mutumin Illela ne, kuma kafin in lalace jakai nake kora. Ina kai albasa da gero Kwanni, tsallaken iyaka, in dawo da kanwa da gishiri. Ba ni da arziki, amma ban taɓa kwana da yunwa ba, kuma duk zauren da na yi sallama ana amsa mini da fara'a. Abu guda Allah Ya ba ni fiye da 'yan'uwana, shi ne baki. Idan na buɗe shi, ko mai kuka sai ya tsaya ya saurara, kuma ni da kaina ina jin daɗin hakan fiye da kima.

Bakin nan ne ya fara kai ni. Da aka sami mulkin kai, sai bakin iyaka ya ƙara tsanani, ana tare mutane ana tambayar ko su 'yan wace ƙasa ne. Wata rana wani baƙo ya biyo jakaina, ya roƙe ni in ce ƙanena ne. Na ce, aka bar shi ya wuce, ya danƙa mini goro. Na tauna goron ban ji ɗacin komai ba. Kafin damina ta zagayo na tara ƙanne da 'ya'yan 'yan'uwa fiye da na kowa a garin, goron kuma ya koma kuɗin sefa. Daga nan aka fara zuwa har gida ana nemana in yi shaida gaban alƙali, kan gona ko kan saniyar da ban taɓa gani ba. Rantsuwar farko sai da na ji tsoron Allah. Ta biyu ban ji ba. Na sayar da jakaina, na ɗinka babbar riga, na koma zama a tasha ina jiran mai bukatar mai shaida.

Ina da wa, manomi, mutum mai kawaici wanda sai ya wuni bai yi magana goma ba. Ɗansa na fari shi ne Haruna. Kun san kunyar ɗan fari a wajenmu, to ta Yaya ta wuce ta kowa. Bai taɓa kiran sunan yaron ba, bai taɓa ɗaukarsa ba, ko zazzaɓi ya kama shi ba zai leƙa ɗakin ba, sai dai ya tsaya bayan danga ya yi gyaran murya ya ji abin da mata ke cewa. Tun ranar suna aka ce ni ne uban Haruna. Ni na kai shi makarantar allo, ni na kai shi elemantare lokacin da aka nemi yara, ni na raka shi Sakkwato da ya ci jarrabawar sakandare. Takardun shaidar karatunsa duk a akwatina yake ajiyewa. Ina son yaron, wallahi ina sonsa, kuma wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau.

Haruna ya yi karatu har ya kai matakin neman sabuwar jami'ar da aka buɗe a Arewa. A lokacin doka ta ce duk wanda aka ɗauka da tallafin gwamnati sai an tabbatar ɗan lardin ne haifaffe. Dole ya je gaban uban ƙasa tare da uba ko waliyyi, a rantse shi ne, uban ƙasa ya sa hannu a bayan hotonsa, sannan ya wuce. An yi dokar ne don kada baƙi su cinye guraben 'ya'yan talakawanmu. Uban ƙasarmu kuwa a wani gari yake zaune, nesa da mu, bai san fuskar yaranmu ba. Abin da ya sani shi ne rantsuwar babba.

Saƙon jami'ar ya iso da damina, Haruna yana Tozai yana taya kawunnansa noma. Ɗan aike ya sami Yaya a ƙofar gida, ya fara bayani. Da Yaya ya ji maganar ta ɗansa ce, sai ya kau da kai ya sa a kira ni.

Ya ce, "Kai ad da yaro. Tahi ka ji abin da anka ce."

Na ja ɗan aiken gefe na ji komai. An ɗauki Haruna. Na yi murna ta gaskiya, har na nufi tasha don in fesa wa abokan hira. A can na haɗu da wani Alhaji mai fataucin goro, wanda na sha yi wa shaida. Yana da ɗa da ya tashi a Kumasi, Turanci a bakinsa kamar rediyo, amma takardunsa ba su kai ba, kuma a tsallaken iyaka aka haife shi, ƙasar da Faransa ta mulka, ba shi da haƙƙi a nan ko kaɗan. Alhaji ya saurare ni har na gama, sannan ya ja ni bayan wata mota.

Ya ce, "Wan naka ya san mi anka aiko?"

Na ce bai tsaya ji ba.

"Za ya tambaya?"

Na yi dariya na ce ko wuƙa aka ɗora masa a wuya ba zai tambayi labarin ɗan fari ba.

Ya ce, "To mi kaka jira?"

Ya yi mini alkawarin sabon keke da kamashon motocinsa duka. Ba zan yi muku ƙarya in ce na daɗe ina kokawa da zuciyata ba. Na dai ce wa kaina Haruna yaro ne mai ƙwaƙwalwa, baɗi ma zai samu. Ranar da aka sa, na saka babbar rigata, na tasa ɗan Alhaji gaba da takardun Haruna a hannunsa, muka durƙusa gaban uban ƙasa. Na rantse wannan shi ne Haruna ɗan wana, haifaffen Illela, a hannuna ya tashi. Uban ƙasa ya sa hannu, har ya yi mini addu'a don na riƙe zumunci.

Da Haruna ya dawo daga Tozai, bai ko wanke ƙafa ba ya zo wurina. Na gyara fuska na ce masa gurbi ya yi kaɗan, ba a ɗauke shi ba. Na shirya wa kuka, na shirya wa gardama. Abin da ban shirya masa ba shi ne ya sunkuyar da kai ya ce, "Baffa, ka yi haƙuri. Ka sha wahala kaina, ga shi na ba ka kunya."

Ni ne na dafa kansa na ce na yafe masa. Ku ji fa, ni na yafe masa.

Bayan kwana biyu ya ce yana son zuwa Sakkwato ya tambayi malamansa. Na ɓata rai, na ce wato bai yarda da maganata ba ke nan. Ya ba ni haƙuri ya fasa. Da shekara ta zagayo ya nemi takardunsa don ya sake nema, na ce gara ta shiga akwatin ta cinye su, kuma ina kan neman wasu. Uwarsa tana kallo ba ta iya cewa komai, ita ma kunya ta ɗaure mata baki. Yaya kuwa sau ɗaya ya taɓa kusantar maganar. Muna dawowa daga masallaci ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wancan al'amari, ya ƙare?" Na ce ya ƙare. Ya ce Allah Ya sa haka ya fi alheri, bai ƙara ba.

Garin bai raga wa Haruna ba. Duk wanda ya ƙi kai ɗansa boko ya sami abin nuni. Idan ya wuce da fartanya a kafaɗa sai samari su ce ga likita zai tafi asibiti. Ya daina karanta littattafansa, ya daina shiga mutane, daga baya ya tattara ya koma Kalmalo yana noman albasa a bakin tafki. Ni kuma ina yawo a kan sabon keke, ina buga ƙararrawa ana gaishe ni. Wani lokaci har kan keken nake kai masa ziyara, ya tare ni da murna ya cika mini buhu da albasa.

Asirin ya tonu ta inda ban taɓa zato ba. Wani yaro ɗan Amarawa, wanda yake bayan Haruna a sakandare, ya sami shiga jami'ar. Yana sauka ya shiga neman Haruna Illela don ya gaishe shi, saboda Haruna ya riƙe shi da kyau a makaranta. Aka nuna masa wani mutum da bai taɓa gani ba. Yaron ba shi da wata manufa, mamaki kawai ya yi da ƙarfi a gaban mutane. Kafin wata ya ƙare 'yan doka sun zo tasha sun ɗaure ni a gaban waɗanda nake yi wa burga. Alhaji ya tsallaka iyaka tun kafin su iso.

A kotu a Sakkwato aka tsayar da samarin biyu, aka kira Yaya. Ban taɓa ganinsa ƙarami kamar ranar ba. Alƙali ya ce, "Cikin yaran ga biyu, wane na ɗanka? Hwaɗi sunanai."

Yaya ya dubi ƙasa ya ce, "Ranka shi daɗe, ga ƙanena nan, shi ad da yaro."

Alƙali ya ce, "Ƙanenka shi am mai laihi. Kai muka tambaya."

Mutumin da ya shekara ashirin da wani abu yana kauce wa sunan nan, yau an tsayar da shi gaban jama'a saboda ni. Ya ɗaga hannu da ƙyar ya nuna, ya ce, "Haruna. Wanga na ɗana, Haruna." Sai hawaye. Haruna ma ya rufe fuska da hannun riga, don bai taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba. Ni na so ƙasa ta buɗe in shige. Aka yanke mini hukunci kan rantsuwar ƙarya da zamba, ban ma ji adadin shekarun ba sai da gandiroba ya maimaita mini a hanya.

Gidan yari ba wurin da zan yi wa maƙiyina fata ba ne. Mun kwana a cunkushe kamar buhunan gyaɗa, ƙwarƙwata da kuɗin cizo suna rabon jininmu. Da safe a fito da mu da mari a ƙafa, mu ɗauki bokitin bayan gida a ka mu bi ta cikin gari. Na sha haɗuwa da mutanen Illela da suka zo kasuwa, in kau da kai, su ma su kau. Bakin da nake taƙama da shi bai saya mini ko loma ɗaya ba. Babu wanda ya zo dubana sai Haruna, sau ɗaya, da ƙullin ƙuli-ƙuli. A bakinsa na ji sauran labarin. An kori ɗan Alhaji, shi kuma Haruna ya je jami'ar da ƙafarsa ya nemi gurbinsa. Sun karɓe shi da mutunci, sun tausaya masa, amma suka ce sai ya sake nema daga farko, kuma shekarunsa sun riga sun wuce iyakar da doka ta yanka wa mai neman tallafi. Kuɗin da zai kai kansa kuwa babu. Ya faɗi wannan yana kallon bango, sannan ya tambaye ni ko ina samun abinci.

A cikin gidan na koma ga salla da gaske. Akwai wani dattijo mai ilimi da aka ɗaure kan rikicin siyasa, na tambaye shi yadda zan tuba. Ya ce tsakanina da Allah ƙofa a buɗe take, amma haƙƙin mutum sai an mayar masa da abinsa ko ya yafe. Na ce to yaya ake mayar wa mutum da shekarunsa?

Da aka sake ni, na tarar Yaya ya rasu. An ce har ya bar duniya bai sake ambatona ba, ko da zagi. Na wuce Kalmalo na durƙusa gaban Haruna a cikin fadamar albasa, ni baffansa, da furfurata. Ya yi sauri ya ɗaga ni ya ce ya yafe tun tuni. Ya ba ni ɗaki a gidansa, a nan nake har yau, ina cin tuwon mutumin da na kashe wa rayuwa. Bai taɓa ɗaga mini murya ba.

Yana da ɗa, ɗan farinsa, yaro mai kaifin kai irin nasa. Da aka buɗe firamare a kusa, na yi ta jira in ga an kai shi, shiru. Wata rana muna ban ruwa na yi ƙarfin hali na ce, "Haruna, ka sa yaron ga makaranta. Kansa ya yi kyau."

Ya ajiye ƙwaryar ban ruwa, ya dube ni ba tare da fushi ba, ya ce, "To, Baffa. In ya gama, wa za ya tsaya mai?"

Yaron bai shiga makaranta ba. Yanzu shi ma albasa yake nomawa.

Don haka, 'ya'yana, ku ji daga bakin wanda ya gani. Kada ku karɓi goron da sai kun yi ƙarya za a ba ku, komai ƙanƙantarsa, don ni ma da shi na fara. Idan an sa doka kan shiga makaranta, kada ku nemi ɓarauniyar hanya, kada ku bari a nema muku, domin duk kujerar da aka zaunar da ku ba bisa ƙa'ida ba akwai mai ita, yana wani wuri yana zaton shi ne bai isa ba. Kuma idan wani ya danƙa muku ɗansa saboda kunya ta hana shi tambaya, ku ji tsoron Allah a kan wannan amanar fiye da kowace. Ni na yi zamana na gidan yari na gama, aka buɗe mini ƙofa na fito. Haruna da ɗansa ba su yi laifin komai ba, kuma su har yanzu ba a buɗe musu ba.