Firigon da Yake Cizona

Shekarar da babban ɗana ya ɗauko ni zuwa gidansa a unguwar Banifandu, na tarar da wani farin firigo a kusurwa, yana gurnani kamar raƙumi. Ranar farko na idar da alwala, na je neman ruwan sanyi. Ina kama marfinsa sai ya cije ni har kafaɗa. Na yi salati.

Surukata ta zo ta buɗe, ta rufe, lafiya lau. Jikoki ma haka. Ni kaɗai yake cizo. Kwana bakwai ina faɗi, har na jiyo ɗana yana ce wa matarsa ƙasa-ƙasa, "Tsufa ne, sai mun kai Inna likita." Ni da dangi ke kawo wa ƙara in raba gardama, yau maganata ta zama ta mai ruɗewa!

Sai na zauna na zuba ido, yadda ake fakon kaza mai shan ƙwai. Na lura kowa a gidan nan da takalmin roba yake yawo. Ni kuwa tun tasowata babu shamaki tsakanin ƙafata da ƙasa.

Ran Juma'a ɗana ya gama alwala, na ce, "Kai, tuɓe takalmi ka ɗauko mini ruwa."

"Inna, me takalmi ya yi?"

"Ni na haife ka ko kai ka haife ni?"

Ya tuɓe, ya kama marfin. Mutum da gemunsa, mai ofis a unguwar Filato, ya daka tsalle ya ce, "Wayyo Inna!"

Na ce, "Na'am."

Aka kira mai gyaran kuran, wato wutar lantarki. Ya ce wata waya ce ta ɓare a ciki, kuran kuwa kullum hanyar ƙasa yake nema. Roba ta tare shi, jiƙaƙƙiyar ƙafata ta ba shi hanya. Ya naɗe wayar, ya haƙa rami bayan ɗaki, ya kafa sandar ƙarfe, ya ce a kawo gishiri da gawayi.

Na ce, "Malam, gidan nan ba a tsafi."

"Hajiya, hanya zan yi masa, ya bi ƙarfe ya ƙyale ki."

Na bari, amma na tsaya a kansa har ya rufe ramin, ko zai nemi baƙin zakara. Bai nema ba.

Da la'asar ɗana ya durƙusa ya ce in yafe masa. Na ce ya bari hannunsa ya daina rawa tukuna.