Rumfar da Na Gyara wa Maƙwabcina

Ni kafinta ne, kuma a Malumfashi da rufi aka san ni. Na shafe shekaru ina hawa saman gidajen mutane, ban taɓa jin wanda ya tara bokiti a tsakar ɗaki saboda aikina ba. Ba don yabon kai na faɗa ba, ko da yake yabon ma na cancanta.

Maƙwabcina Ibo ne mai sayar da kayan gyaran babur, amma a garin nan aka haife shi, tare muka yi firamare, kuma ya fi ni iya tsiya da Hausa. Da furfura ta fara fito masa sai ya shiga zuwa kudu a kai a kai. Wata shekara ya dawo da 'yar hular da ba ta kai murfin kofi ba, ya ce shi yanzu addinin Yahudawa yake bi, akwai jama'a can garinsu da suka farfaɗo da shi. Na tambaye shi ko tela ne ya cinye sauran yadin, ya ce ai kan ne ba irin nawa ba. Ya daina buɗe shago ran Asabar, muka ci gaba da zamanmu.

Da kaka ta kama, an fara karyar masara, ya gaya mini suna da wani biki na kwana bakwai da ake cin abinci a cikin rumfa. Manyan jama'arsu sun yarda su zo su yi shi a gidansa, karo na farko. Wasunsu, in ji shi, suna ganin wanda ya tashi a Arewa shi kaɗai ba zai iya riƙe al'adar daidai ba. Abin ya dame shi ƙwarai, har ya rame.

Da na leƙa ta katanga na ga rumfar, sai da zuciyata ta yi zafi. Dirka huɗu, zana ta kewaye, a sama kuma ya watsa karan masara kamar wanda ake kora. Ko'ina rana na shigowa. Ga hadarin ƙarshen damina yana haɗowa kullum da yamma. Na ce a raina, baƙi za su taso tun daga kudu su tarar maƙwabcin kafinta yana zaune a wannan abin? Kunyar ai tawa ce.

Ranar da za a fara bikin, da safe ya tafi Funtua ɗauko baƙin, matarsa kuma ta nufi kasuwa. Na kira ƙanena, muka kwaso sauran kwanon rufi da ke ajiye a gidana, muka sauke karan nan muka zuba wa awakin uwargidana. Kafin azahar rumfa ta zama rumfa. Na shiga ciki na ɗaga kai, ko ƙofar allura babu. Na yi wanka na sa riga mai kyau, na zauna a ƙofar gida ina jiran godiya.

Bayan la'asar suka iso, dattawa uku da mata biyu cikin fararen kaya. Na bi bayansu ina murmushi. Babban cikinsu ya shiga rumfar, ya ɗaga kai, ya ƙwanƙwasa kwanon da sandarsa, ya dubi maƙwabcina. Ni kuwa ban taɓa ganin fuskar abokina haka ba, ko ranar da shagonsa ya yi gobara.

Maƙwabcina ya jawo ni gefe. "Malam, me na yi maka?"

Na ce gyara na yi masa. Sai ya bayyana mini cewa dole rufin ya zama na abin da ya tsiro daga ƙasa, kuma a riƙa hango sama ta cikinsa, don tuna lokacin da kakanninsu suka rayu ba su da gida. In rana ta faɗi kuwa bikin ya shiga, ba a taɓa guduma. Dattawan sun ɗauka shi ne bai san wannan ba.

Gaskiya na ji kunya har ƙafata. Na je gaban dattijon na durƙusa, na ce laifin nawa ne, mai gidan ya yi nasa daidai, ni ne na zo na ɓata da gwaninta. Matar maƙwabcina ta fassara, kuma na lura ta ƙara wasu kalmomi da ban faɗa ba, don matan nan biyu sun rufe baki suna dariya.

Karan dai awaki sun gama da ganyensa. Ƙanena ya hau babur ya nufi gonarmu ta hanyar Dayi don ɗauko wani karan, ni kuma na hau sama ina zare ƙusoshin da na buga da alfahari. Da ya dawo na fara jera karan a tsare, yadda hannuna ya saba. Dattijon yana ƙasa yana nuni da sanda, a rage nan, a buɗe can. Duk inda na toshe sai ya sa na yaye. Rana na taɓa kan bishiyoyi na sauko daga rufi mafi muni da na taɓa yi.

Na je na yi magariba na dawo, don sun nace sai na ci tare da su. Suka yi waƙoƙinsu, aka gutsura burodi. Muna cikin ci yayyafi ya sauko, ɗigo ya faɗo daidai cikin miyata. Dattijon ya ɗaga kai, ya dafa kafaɗar maƙwabcina ya yi wata magana da harshensu. Abokina ya sunkuyar da kai yana share ido, sannan ya juyo gare ni.

"Ya ce baɗi ma nan za su zo. Kuma kai za ka yi rufin, tunda ka iya mai yoyo."

Shekara huɗu ke nan ina yi. In masu wucewa suka tambayi wanda ya yi wannan aika-aikar, cewa nake wani ne daga Funtua.