Masu Dubiya da Ƙeyar Autata

Yayar mijina ta yaɗa cikin dangi cewa tun da na shiga ajin yaƙi da jahilci na fara korar mutane daga gidana. Har ta koma ga Allah ba ta janye maganar ba, ni kuma ban ba ta haƙuri ba. Allah Ya jiƙan ta, amma ba ta yi min adalci ba. Ko mutum ɗaya ban kora ba.

Lokacin muna zaune a Kaura, bayan tashar jirgi. Autata tana firamare, yarinya ce da ba ta iya zama wuri ɗaya. Yaran unguwa suka ɗaura lilo a reshen darbejiya, igiya ta tsinke da ita, ƙeyarta ta bugi saiwa. Babu jini, ɗan ƙullutu ne kawai. Maƙwabciyata ta danne shi da bayan ludayi yadda muka gada, ta shafa man shanu, kowa ya ce an auna arziki. Amma yarinyar ta yi amai, kuma ta riƙa tambaya ta, "Inna, wa ya kawo ni gida?" In na gaya mata, jim kaɗan ta sake tambaya. Na saɓe ta muka hau keke napep.

Ina kewar asibitin nan na sha-ka-tafi. Dogon benci ƙarƙashin rumfa, ma'aunin jarirai a rataye kamar na mahauta, mata na gwada wa juna haƙoran 'ya'yansu. A nan aka auna 'ya'yana duka. A nan aka ce in kwantar da hankali da wanda ya yi jinkirin tafiya, ga shi yau ba ya zama gida. Malamar asibitin wata doguwa ce mai tabarau. Ta haska idon yarinyar da tocila, ta sa ta taka daga bango zuwa bango, ta tambaye ta abin da ta karya da shi. Sannan ta dube ni.

"Ƙwaƙwalwa ce ta girgiza. Kin san ruwan randa in an dama shi? Sai an bar shi ya kwanta. A rage mata haske, a rage surutu, ta yi barcinta. In amai ya dawo, ko ciwon kan ya ƙaru, ko kika tashe ta ta ƙi tashi, ki kawo ta ko ba takalmi a ƙafarki."

Na ce ta maimaita. A aji na koyi haka, in ban gane ba in ce a sake, ba kunya.

Kafin azahar labari ya kai Zurmi, garinmu. A wancan lokacin dubiya dubiya ce. Mata su cika mota, wannan da gero a ƙullin zane, waccan da ƙwai, ƙawata Bafulatana ta wajen Dauran da ƙwaryar kindirmo. Yanzu da hanya ta lalace, sai dai a kira ka a waya a ce Allah Ya sawwaƙe. Wallahi wani lokaci ina zaune sai in ji ina son in sake ganin takalman nan jibge a ƙofar ɗakina.

Amma ranar, kowace ta shigo sai ta yaye labule rana ta faɗo kan gado. Sai an ce, "Tashi ki gaida gwaggonki." Yarinya ta tashi tana runtse ido.

"Ya jikin?"

"Da sauƙi."

Mu muka koya mata. Yaro mai tarbiyya ba ya cewa babu sauƙi. Kakarta ta wajen uba har da tsiya: "Ke da lilo ya kayar, raguwa! Ni da nike hawa tsamiya ina kamarki?" Ɗaki ya ɗauki dariya, ni ma na yi, har sai da na ga yarinyar ta toshe kunne da filo.

Da la'asar yayar mijina ta iso daga Shinkafi da tawagarta. Ta tarar yarinyar ta samu barci, ta girgiza mata kafaɗa. Na ce, "Yaya, asibiti sun ce a bar ta ta huta."

"Mi? In taso tun daga Shinkahi in koma ban ji muryar ɗiyata ba? Mu da munka reni yara kahin a haihe ki?"

Aka tashe ta. Ta ce da sauƙi. Da suka fita alwala ta jawo bakin zanena, ta ce a hankali, "Inna, kaina kamar ana daka a ciki. In na ce da sauƙi ba sai su tafi ba?"

Bayan magariba na samu maigida da maganar a daina shiga wajen yarinyar. Ya ce, "Ba a hana dubiya. Lada suka zo nema, kuma gobe mutanen Zurmi na tafe."

Na ce, "Malam, ladarsu na nan, ba wanda zai taɓa musu. Kan ɗiyata ne ba za su samu ba."

Ya ƙyale ni. Ya san ni.

Da gari ya waye na mai da yarinyar ƙuryar ɗaki, na rataya baƙin zane a taga. Na shimfiɗa babbar tabarma a tsakar gida, na ajiye ruwa da goro, na zauna a bakin ƙofa na miƙe ƙafafuna daga wannan gefen ƙofar zuwa wancan. Yaya, da ta kwana a gidan, ita ce ta fara fitowa, ta nufo labule. Ban janye ƙafa ba.

Na ce, "Ina kwana, Yaya. Zauna nan kusa da ni. Tana barci, yau ni za a tambaya ya jiki."