Dattijon da Na Kira Sabon Jini

Lokacin da nake rubuta sharhin waƙoƙi ina aika wa jaridu, ba ni da ofis sai bencin wani mai tura waƙa a waya a Magama, dab da shingen kwastan. Duk abin da ya fito daga Maraɗi a wayoyin direbobi yake tsallakowa, kuma a teburinsa yake sauka. Can na fara jin waƙoƙin wani mai gurmi. Murya ce siririya mai zaƙi, tana gudu kamar an biyo ta. Na saurara har kunnena ya yi zafi, na zauna na rubuta cewa Allah ya kawo mana yaro sabon jini da zai tayar wa tsofaffi hankali. Har yau ina ganin ban taɓa rubuta sharhi mai kyansa ba, abin da ke ƙara ɗaure mini kai ke nan.

Na yi ta aike a nemo mini shi mu yi hira. Wata ranar kasuwar Jibiya aka nuna mini wani dattijo mai furfura a inuwar bishiyar bedi, da gurmi a cinyarsa. Na gaishe shi, na ce ɗansa nake nema.

"Ba ni da ɗa mai waƙa," ya ce. "Ni na."

Muryarsa kauri gare ta, irin ta mai kiran shanu. Na kunna masa abin da ke wayata, ya ce waƙarsa ce, amma shi ma bai san wannan yaron ba. Daga baya mai tura waƙa ya warware mini ko a jikinsa: 'yan acaɓa ba sa son waƙa mai jan jiki, shi ya sa yake ƙara mata gudu a kwamfuta, murya kuwa sai ta sirance. Daga teburinsa ta bazu ko'ina, har ta koma Maraɗi a haka.

"An kira ni biki garin Kusa," in ji dattijon. "Ina hwara waƙa sunka ce ba ni ba ne, kwaikwayo nika yi. Sunka kunna waya, sunka bar ni zaune. Tun sannan ba wanda ya sake kira na. Malam, ka rubuta musu ni na."

Na ce zan rubuta, Baba. Sai ya ɗauki gurmi ya yi mini ita yadda ya yi ta tun farko, a hankali, kowace kalma tana fita sarai. Ta yi kyau, wallahi ta yi kyau. Amma ƙafata ta ƙi bin kiɗan, kunnena yana ta jiran yaron nan da babu shi a duniya. Na rasa wa na yaba a jarida, na rasa wa zan yaba yanzu, kuma kunya ta kama ni.

Ya dubi fuskata, ya gane. Bai yi fushi ba. Ya ƙara ɗaure tsirkiya, ya matse maƙogwaro, ya shiga rera waƙarsa da sauri da 'yar siririyar murya. Bai yi nisa ba tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya share ido da hannun riga.

"Haka kuke so, Malam?" ya ce. "In haka na, sai in koya."