Wadda Ta Riga Ni Zuwa Asibiti

Jama'a, wannan labari ba a bakin wani na ji shi ba, a tsakar gidana ya faru a 'Yandoto shekarun baya kaɗan, ina cikin sana'ata ta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma wallahi da rana tsaka, balle wani ya ce mafarki na yi.

Ina da ɗiya, Shafa'atu. Ɗiyata na ce, duk wanda ya ce ba haka ba sai mun yi da shi. Yayata Hajo ce ta haife ta, amma ko nono ba ta samu ta ba ta ba, jijjiga ta kama ta a ranar, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Ni na goya yarinyar nan, ni na kwana zaune da ta yi ƙyanda, ni na haɗa mata kayan ɗaki na kai ta Bungudu gidan mijinta. Ko hoton Hajo babu a gidanmu, ita kuma yarinyar ba ta taɓa tambayata kamanninta ba, ni ce Innarta, magana ta ƙare.

Da cikinta na fari ya tsufa ta dawo gida goyon ciki, ta sauka lafiya a wani ƙaramin asibiti a Tsafe, namiji. Malamar asibitin ta duba jaririn, ta auna uwar, ta ce jininta ya ɗan hau, a rage mata kanwa, a kuma dawo da ita awo kafin suna. Na ce to da baki, amma a raina na ce yaushe aka taɓa hawa titi da ɗanyen jego ba a yi arba'in ba? Na ci gaba da abin da na gada, wankan ganye safe da yamma, ga kunun kanwa mai zafi, yarinya ta yi ɓul-ɓul, maƙwabta suna ta yaba hannuna ina jin daɗi. Ita kuwa kunyar ɗan fari ta hana ta buɗe baki, ashe kanta kamar zai tsage, idonta har duhu yake gani, ba ta gaya mini ba.

Ran nan da hantsi ina tuyar ƙuli sai ga malamar nan ta faɗo gidan ko sallamar kirki babu, ɗan kabu-kabun da ya kawo ta yana jira a waje da babur, ta wuce ni ta shige ɗakin mai jego ta ɗaura mata abin awon jini a hannu. Na ga fuskarta ta sauya. Ta ce, "Inna, a nemo mota yanzu, Gusau za mu. Allah ya taimake ku uwarta ta taho ta gaya mini."

Na ce wace uwar? Ni ce uwarta, kuma ko zaure ban leƙa ba yau.

Ta ce, "Ba ke ba. Wata doguwa mai wushirya, da tabon ƙuna a wuyan hannunta na dama. Ta ce ita ta haife ta, wai kumburi ne ba ƙiba ba, in hanzarta."

Matsamin ƙuli ya suɓuce daga hannuna. Tabon nan a gabana man gyaɗa ya yi wa Hajo shi muna 'yan mata, malamar nan kuwa lokacin da aka binne Hajo ina jin ko yaye ta ba a yi ba.

Muka samu motar maƙwabci, ni a gaba rungume da jariri, malama a baya wajen ƙafafun Shafa. Ba mu yi nisa ba jijjigar ta kama ta, irin ta uwarta sak, malama ta yi mata allura, ni kuwa ban da salati da waiwaye babu abin da nake yi. Na rantse muku da Allah duk waiwayen da na yi, kan yarinyar nan a kan kujera yake, babu kowa a wajen.

A babban asibiti aka ceto ta. Da ta farfaɗo ina zaune gefenta idona ya kumbura da kuka, sai ta kalle ni, ta kalli bayana, ta ce, "Inna, ina matar da ta ɗora kaina a cinyarta cikin mota? Tana ta shafa mini goshi, wai ta daɗe tana son ta taɓa ni."

To ku ji halina, ba zan ɓoye muku ba. Na tsorata, amma abin da ya fi damuna kishi ne, kishin 'yar'uwata da ke kwance a kabari. Ni da na yi shekara da shekaru ina wahala, ita shafa goshi sau ɗaya ta yi, shi ke nan har yau in Shafa ta zo gida sai ta zauna ta ce in ba ta labarin Hajo, yaya take dariya, wane abinci take so. Ina ba ta, ina murmushin dole. Na yi istigfari har na gaji. Abin da ya fi ci mini rai, ni nake cuɗa jikin yarinyar nan kullum da hannuna ina cewa ƙiba ce, ita kuwa daga inda take ta gane kumburi ne.

Ban san me malamar nan ta gani ba, ita ma tun ranar ba ta yarda a tayar da zancen. Ni dai abin da zan ce muku, in kuna da mai jego a ɗaki, ku tambaye ta kanta da idonta, ku danna ƙafarta ku gani, in an ce a kawo ta awo ku kai ta ko jiya ta haihu. Ku kai ta da ƙafarku, kada wata ta je a madadinku.