Muhallin Baba Mai Tiyo

A duk faɗin cibiyar kimiyya da fasahar nan, mai bene huɗu da kamfanoni goma sha tara da kwamiti shida, mutum ɗaya ne ya taɓa aiwatar da manufar hukumar gudanarwa. Shi ma bisa kuskure.

Baba Mai Tiyo ya shekara goma sha ɗaya yana ba furannin ƙofar shiga ruwa. Kafin nan direban tankar ruwa ne, har gwiwa ta ce ta gaji. Ranar da sabon Darakta ya tara ma'aikata, Baba na can baya a tsaye. Darakta ya ce, "Aikinmu ɗaya ne: mu raya muhalli." Nufinsa malaman jami'a na saman bene su riƙa gaisawa da 'yan kamfani na ƙasa, abin da ya gagari kwamiti shida. Baba ya koma gida ya ce wa matarsa, "Yau an ambaci aikina a lasifika."

"To, Allah ya sa gobe a ambaci gwiwarka," in ji ta.

Bayan ɗakin janareta akwai filin da ake jibge karyayyun kujeru. Baba ya share shi, ya dasa itatuwa bakwai, ya ɗaure kujeru uku da waya. Kafin shekara biyu aka fara zama. Wata rana wani Farfesa mai binciken batir ya tarar da wata 'yar kamfani mai haɗa fitilun sola a kan kujerar da ya saba zama.

"Baiwar Allah, nan wurina ne."

"Farfesa, da sunanka a jiki? In kana son zama, fara gaya mini abin da ke kashe mini batir."

Ya gaya mata, a tsaye. Yanzu fitilarta na kwana biyu ba caji.

Sai takarda ta fito: za a malale filin da siminti a yi wurin ajiye motoci, siminti kuwa ba ya buƙatar mai ban ruwa. Baba ya sa rigarsa mai kyau, ya hau bene huɗu zuwa ofishin Darakta yana hutawa a kowane hawa.

"Ranka ya daɗe, kai ka ce a raya muhalli."

"Ba irin wannan muhallin ba, Baba."

"Iri nawa ne?"

Washegari Darakta ya kafa kwamiti na bakwai.

Kwamitin ya sauko ya ƙirga masu zama, ya samu mutum arba'in a yini. Rahotonsa ya raɗa wa wurin suna "dandalin cuɗanyar masana", ya yaba da hangen nesan hukuma, aka kafa allo. Baba ya tsira da aikinsa, har aka saya masa sabon tiyo.

Injiniyan sadarwa na cibiyar, wanda ba a sa shi a kwamitin ba, ya taɓa auna wurin. A duk harabar, nan ne kaɗai waya ke samun sabis.