Inna Zinariya, Mai Kwatance da Mutane

Da an idar da sallar asuba, Inna Zinariya takan juye kunun gyaɗa a filas, ta kama hanya daga Sabo, unguwarmu ta Hausawa a nan kudu, zuwa babban asibiti, inda take sayar wa majinyata. Da wuya ta tafi ita kaɗai. Kullum akwai mai jiranta a ƙofar gida, wanda ɗan'uwansa ke kwance a can, ya san sunan asibitin amma bai san cikinsa ba.

Wanda ya zana ginin nan, Allah ya saka masa, ya yi kowane lungu kamar ɗan'uwansa, sannan ya rubuta komai da Turanci don a samu sauƙi. Mutanenmu da ke kai goro har Kano ba tare da sun tambayi kowa hanya ba, a nan suke ɓacewa tsakanin bene da bene.

Inna ba ta kwatance da dama ko hagu, da mutane take yi. "Ka gai da Iya Bose mai shara a gindin bene, za ta miƙa ka ga mai tura keken marasa lafiya, shi kuma ya miƙa ka gaba." Tun shekarun alif ɗari tara da tamanin take ɗinke wannan hanya, da gaisuwa da ɗan kofin kunu.

Rabe dillalin shanu na kasuwar Akinyele shaida ne. Ranar da aka yi wa matarsa Lami aiki, ya ce shi da ya san daji ba mace ce za ta raka shi ba. Lokacin ziyara na gab da ƙarewa Inna ta tsince shi zaune a ƙofar ɗakin wanki.

"Malam Rabe, wankin wa ka kawo?"

"Inna, bar ni da abin da ke damuna. An ce Lami ta farfaɗo tana kirana."

"Ka gai da mai shara?"

"Ban san ta ba."

"Ai shi ya sa."

Ta sa shi a gaba, yana gaishe-gaishe kamar sabon ango, har suka isa kafin a rufe ƙofa. Lami ta buɗe ido ta ga mijinta.

Bana gwiwoyin Inna suka ce sun gaji da bene, hankalin unguwa ya tashi: wa zai riƙa kai mu? Sai ga Manniru, haifaffen Sabo da ya karanci kwamfuta, an ba shi aikin kafa na'urar nuna hanya a ƙofar asibitin. Ya kawo mata taswirarsa, duk layi da kibiya. Ta duba ta ce, "Ɗana, ina mutanen?"

"Inna, na'ura ba ta gaisuwa."

"To, ta tura su wurin masu amsawa mana."

Manniru bai yi gardama ba. Ya naɗi muryarta ya zuba a ciki. Yanzu in ka danna, Inna ce za ta ce maka da Hausa ka nemi Iya Bose.

Ke ce jagorar masu ruɗewa, Inna. Ba ki taɓa nuna wa mutum hanya da leɓe kin wuce ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sauwaƙa wa gwiwa. Mu kuma masu sauran ƙafa, in mun ga wani yana zagaye a lungu, mu taka mu raka shi.

Makon jiya aka ga Rabe ya rusuna a gaban na'urar yana cewa, "Inna, ina kwana?" Ya tsaya yana jiran amsa. Da labarin ya kai mata, ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Ku ƙyale shi. Ya dai koyi gaisuwa, ba zai ƙara ɓata ba."